Labarin Wuri da Azurfa da Sulen Tagulla

Wani yaro ɗan makaranta daga Gwadangaji, kusa da Birnin Kebbi, ya aiko mana da tambaya. Ya ce kakarsa ta rasu ta bar wani ɗan tulu cike da tsofaffin kuɗi, shi kuwa ya ji ana cewa ƙarfen da ke jikin kuɗi ya kan fi kuɗin kansu daraja. Wai shin in mutum ya riƙa tara kuɗin ƙarfe yana ɓoyewa, zai ci riba? To, samari, ku matso ku ji, gama kakanninku sun gwada wannan dabara tun ba a haifi ubanninku ba.

A zamanin da, kuɗin ƙasar Kabi da Gwandu wuri ne. Daga tsibiran Maldif na tekun Indiya a kan kawo shi, ya ratso teku da daji kafin ya iso kasuwar Jega. Wuri 20,000 shi ne keso guda, kayan ƙato ɗaya ke nan. Ku duba wahala: mai son sayen doki sai ya nemi 'yan alaro su ɗaukar masa kuɗin. Don haka attajirai suka fi son liyari, wanda waɗansu ke kira dala, watau azurfar ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza. Ta mutu a 1780, amma aka yi ta buga shi da wannan shekara ba a sāke ba. Nauyinsa giram 28, kuma kashi biyar cikin shida na jikinsa azurfa ce. Sa'ad da Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarad da liyari guda a bakin wuri 2,500. Shi ne ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853.

Sa'an nan 'yan kasuwar Jamus suka shiga jibgo wani wuri mai araha daga Zanzibar, har ya yi yawa, darajarsa ta yi ta zubewa. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, aka hana shigowa da wuri, sannu a hankali aka koma karɓar haraji da jangali da kuɗin ƙarfe. Wanda ya bisne keso goma a ƙuryar ɗaki, 'ya'yansa sun gaji abin ado ga ƙwarya da kayan 'yan bori. Wanda kuwa ya bisne liyari, ko da aka daina ciniki da shi, maƙerin fari na nan yana jira, ya saya ya ƙera munduwa da zobe, ko matan Filani su rataya.

Sai ku ce, ashe ƙarfe ya yi gaskiya. Ku dakata tukuna.

A 1907 aka fito da kwabo da anini masu huda a tsaka, anini goma kwabo guda. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, bai jure damina da gumi ba, ya riƙa cinyewa, a 1908 aka sāke masa ƙarfe. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingilishi, a 1913 ta buga toro da sisi da sule da fataka, dukansu na azurfa mai kyau. Sulen nan mai hoton kwakwar manja shi ne abin da za mu yi lissafi a kansa, ku ɗauko allo.

Oza guda ta azurfa ita a kan buga sule biyar da sisi da ita, watau kwabo 66. A 1913 kuwa ana sayar da oza a Landan wajen kwabo 27. Kun ga azurfar da ke cikin sule ba ta kai sisi ba. Mutumin da ya narkar da sule a shekaran nan ya ƙone fiye da rabin kuɗinsa da hannunsa. Ragowar nan ita ce ribar gwamnati, dominta ma aka kafa hukumar.

Da aka yi Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, azurfa ta yi ta tsada, har a watan Fabrairu na 1920 oza ta kai kwabo 89 da ɗari. Ran nan ƙarfen sule guda ya zama sule da kwabo huɗu. Nan fa azurfa ta ɓace daga kasuwa. Kowa ya samu sai ya ƙulle a gefen zane ko ya kai maƙera, ya fito da kuɗin takarda, waɗanda mutane ba su so domin gara da gobara. Gwamnati ta ga abin ba shi yiwuwa, a cikin 1920 ta rage azurfar zuwa rabi, shekarar ba ta ƙare ba ta koma buga sulen tagulla, wanda ba ko ƙwayar azurfa a cikinsa.

Amma tsadar ba ta daɗe ba. A 1921 oza ta faɗo ƙasa da kwabo 40, a 1931 ta taɓa kwabo 12. Wanda ya narkar da sulensa yana jiran ƙarin tsada, sai ga shi riƙe da ɗan curin azurfa na kwabo biyu da 'yan aninai. Maƙwabcinsa da ya bar nasa da hoton sarki a jiki, har yanzu sule gare shi. Ni dai a ganina, cikin dukan shekarun nan, lokacin cin ribar bai wuce shekara guda ba, kuma galibi waɗanda ke jin farashin Landan ta waya su suka ci ta. Manomin shinkafa a fadamar Argungu, kafin labari ya iso masa kasuwa ta watse.

Babban Bankin Nijeriya ya fito da nasa kuɗi a 1959, ran 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo, sule ya zama kwabo 10. Kuɗin ƙarfen da aka fito da su a 2007, na kwabo 50 da naira 1 da naira 2, yawancin jikinsu baƙin ƙarfe ne aka yi wa shafe, ku kusantar da mayen ƙarfe ku gani. Ko mai ƙosai ba ta karɓarsu yau, ɗan gwangwan ma da kilo zai auna. Dokar bankin ta 2007 kuma ta hana lalata kuɗin ƙasa.

Saura tulun kakar abokinmu. Ka zazzage shi a tabarma, ka duba shekarar da ke jikin kowane. Toro ko sisi ko sule ko fataka daga 1913 zuwa 1919 azurfa ne, sule guda yau azurfarsa ta dubban naira ce. Sai dai ka tuna shekara ɗari ta wuce kafin ya kai haka, sulen kuwa da tunkiya aka haɗa aka saya da shi a lokacin, Allah kaɗai ya san yawan garken. Na 1920 ka dubi launinsa, fari ne ko rawaya. Na bayan nan ba azurfa a cikinsu. In ka ga liyari, kada ka goge shi da toka, kada kuma ka sayar wa na farkon da ya taya. Ka kai wa maƙeran fari biyu ko uku su auna a gabanka, tare da wani babba na gidanku, gama tulun nan gado ne, akwai masu rabo a ciki.