Ƙafewar Ruwa: Yadda Ake Ƙiyasta Abin da Rana Ke Sha a Madatsun Kano

Ƙafewa ita ce rikiɗewar ruwa zuwa tururi. Zafin rana, iska da bushewar sarari ne ke ingiza ta, shi ya sa take tsananta da hunturu da bazara. Madatsar Tiga, da aka kammala a 1974, da ta Challawa, ta 1992, su ke ciyar da kogunan da matatun Tamburawa da Challawa ke ɗiba.

Hanya mafi sauƙi ita ce daron gwaji: daron ƙarfe mai faɗin kusan santimita 121 da zurfin 25. Ana auna raguwar ruwansa kullum, a ninka da kimanin 0.7, domin daro ya fi tafki saurin ɗaukar zafi. Ta biyu ita ce lissafin da Howard Penman ya fitar a 1948, mai haɗa hasken rana, zafi, laima da gudun iska, irin bayanan da hukumar NiMet ke tattarawa.

Milimita ɗaya da ta ƙafe a murabba'in kilomita guda lita miliyan ɗaya ce, wato jarka 40,000 mai cin lita 25, irin wadda 'yan garuwa ke turawa a Fagge, Sabon Gari da Kantin Kwari.

Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin ɗari. Don haka alƙaluman da aka gina madatsun a kansu na buƙatar sabuntawa, kafin a raba ruwa tsakanin birnin Kano, manoman Kadawa da dausayin Haɗeja da Nguru.