Zama da tallafi: yadda ake kula da masu raunin fahimta a Ingila

Jama'a, raunin fahimta ba taɓin hankali ba ne. Lalura ce da ke somawa tun ƙuruciya, mutum ya riƙa jinkiri wajen koyo, ƙirgar kuɗi ko kula da kansa.

A Ingila akwai tsarin da za mu kira zama da tallafi. Mutum na zaune a gidan da aka kama haya da sunansa, ma'aikata na zuwa taya shi girki, wanka, cefane da shan magani. Mai gida daban, kamfanin kulawa daban. In kulawa ta lalace, sai a canza kamfanin, shi kuma yana nan a ɗakinsa.

Hukumar CQC ce ke bin diddigin kamfanonin. Tana duba abu 5: tsaro, ingancin aiki, tausayi, biyan buƙatar mutum da shugabanci.

Me ya sa ake matsa ido haka? A 2011 BBC ta ɗauki hoto a ɓoye a asibitin Winterbourne View, kusa da Bristol, inda ma'aikata ke dukan masu wannan lalura. Aka rufe wurin, ma'aikata 11 suka amsa laifi, 6 suka tafi gidan kaso.

Mu ma abin ya shafe mu: a 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan naƙasassu, wadda sashenta na 19 ya ba su haƙƙin zaɓen inda za su zauna da wanda za su zauna da shi.