Asalin Gyudon, Shinkafa da Naman Sa ta Japan

In ka sauka Tokiyo, ko da tsakar dare ne, ba za ka yi nisa da tashar jirgin ƙasa ba sai ka ga ɗan shago da fitila a kunne, mutane sun jeru a bakin doguwar kanta, kowa ya sunkuya a kan kwanonsa, ba mai ce wa wani uffan. Abin da suke ci shi ake kira gyudon. A bakinsu "gyu" shi ne sa, "don" kuwa kwanon tangaran ne mai zurfi. Farar shinkafa ce a ƙasa, a bisa an shimfiɗa nama yankan falle-falle, ya fi na kilishi rashin kauri, an dafa shi da albasa cikin romo mai zaƙi-zaƙi. Wanda ya ga yadda suke wawarsa sai ya ce kaka da kakanni suka gada. Ina! Kakanninsu ko warinsa ba su so.

A shekarar 675 wani sarkinsu mai suna Tenmu ya hana cin naman sa da doki da kare da biri da kaza a watannin noma. Addinin Buddha, wanda ke ƙyamar kashe mai rai, ya riga ya kafu a fada, ga shi kuma da sa ake huɗa. Sarakunan da suka biyo baya suka yi ta sabunta dokar har ta zama al'ada, aka wayi gari cin dabba mai ƙafa huɗu ya zama ƙazanta. Aka zauna a haka wajen shekara 1,200, daga kifi sai shinkafa sai waken suya. Amma ka san ɗan Adam da kwaɗayi: masu cin aladen daji sai suka laƙaba masa sunan ƙaton kifin teku, wai na kan dutse ne, don a ce kifi suka ci.

Ana nan sai jiragen yaƙin Amurka suka tsaya a bakin gaɓarsu a 1853, suka tilasta musu buɗe ƙofa. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama a 1859 Turawa suka zauna, suna neman naman da suka saba. Mutanen gari suka ɗanɗana, suka ji ashe an daɗe ana cutarsu. Sai suka ƙago nasu girkin, gyunabe: kaskon ƙarfe a kan garwashi, nama da albasa mai lawashi suna tafasa a gaban mai ci. A farkon 1872 aka ba da labari Sarki Meiji da kansa ya ci naman sa. Abin ya ɓata wa waɗansu masu zuhudu rai, har su goma suka faɗa wa fada, dogarai suka harbe huɗu. Duk da haka magana ta ƙare, tunda abin da sarki ya ci ba wanda zai ce ƙazanta ne.

To, gyunabe abincin mai kuɗi ne da mai lokacin zama. Talaka fa? Sai masu rumfuna suka shiga tattara guntattakin nama, su dafa, su kwarara shi da romonsa a kan shinkafa. Nan gyudon ya samo asali.

Wanda ya ɗaukaka shi Matsuda Eikichi ne, mutumin Osaka. A 1899 ya buɗe shago a kasuwar kifi ta Nihonbashi da ke Tokiyo, ya sa masa suna Yoshinoya. Masu cin abincinsa 'yan dako ne da dillalan kifi, waɗanda tun kafin asuba suke kan ƙafa, ba su da lokacin jiran tukunya. Su suka yi wa abincin nan tarbiyya: a zuba yanzu, a cinye yanzu, a koma bakin aiki. Girgizar ƙasa ta 1923 ta ƙone kasuwar, 'yan kifi suka koma Tsukiji, shagon ya bi su. Ɗan Matsuda, Mizuho, ya mai da shi kamfani a 1958, wanda aka san shi da kirarin abu uku, wato sauri da daɗi da arha. Daga baya Matsuya da Sukiya suka fito suna goga kafaɗa da shi.

Arhar nan kuwa daga Amurka take, don naman ciki mai kitse da ake yankawa daga can ake sayo shi. Da ciwon haukan shanu ya ɓulla a Amurka a ƙarshen 2003, Japan ta rufe wa naman can ƙofa. Sukiya ta koma naman Ostareliya. Yoshinoya ta ce in ba wancan ba sai dai a bari, ta daina gyudon a Fabrairun 2004, ta koma naman alade, ba ta dawo da shi ba sai Satumban 2006. Ranar da ya dawo, mutanen da aka san su da gaggawa suka yi dogon layi suna jiran kwano ɗaya.

In Allah ya kai ka, za ka tarar da jar citta mai tsami da garin yaji a kan kanta, kyauta ne. Mai so ya fasa ɗanyen ƙwai a kai, mai son romo da yawa ya ce "tsuyudaku". Sai dai ka sani a can ba yankan Musulmi ba ne, kuma romon akan sa masa mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi. A Indunusiya rassan Yoshinoya suna da takardar halal. A Tokiyo kuwa, tambaya tukuna kafin ka ɗauki tsinkayen ci.