Samaru: Shekara 100 Ana Tace Iri Domin Manomin Arewa

A 2022 Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, wadda aka fi sani da IAR, ta cika shekara 100 da kafuwa. Ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello da take ƙarƙashinta da shekara 40, ta girmi 'yancin kan Nijeriya da shekara 38. Manomi a Bakori ko Gwarzo ko Tsafe zai iya shekara talatin yana shuka irin da aka tace a filayenta bai taɓa taka ƙofarta ba. Da yawa ma ba su san cewa "SAM" ɗin nan da ke jikin buhun iri, a SAMMAZ da SAMNUT da SAMPEA, farkon sunan Samaru ba ne.

Asalin labarin yana komawa ga jirgin ƙasa. Lokacin da layin dogo ya fara aiki zuwa Kano a 1912, auduga Turawa suka sa wa ido, domin masaƙun Lankasha a Ingila suna neman ta ruwa a jallo, kuma kamfanin nan na noman auduga da Hausawa ke kira Bisije ya riga ya kafa injin gurza a Zariya. Sai manoman Kano suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma idan shekara ta yi tsanani ana iya cin ta. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta, har aka kai ga dalar gyaɗa. Wannan ya nuna wa gwamnatin mulkin mallaka cewa ba ta san ƙasar ba, ba ta san manominta ba. A 1921 aka haɗe sashen aikin gona na Arewa da na Kudu, aka ba O. T. Faulkner, wanda ya yi aiki a Indiya, shugabancinsa. Shekara guda bayan haka, a 1922, aka buɗe tashar bincike a Samaru domin lardunan Arewa.

Babu mai musun cewa Turawa sun kafa tashar ne da cinikin ƙasarsu a zuci. Amma Faulkner ya zo da wata ƙa'ida da ta zama gadon gidan: kada a ce wa manomi ya canza komai a gonarsa sai an gwada abin, an sake gwadawa, an tabbatar zai biya shi da irin ƙarfin da yake da shi. Wurin da aka zaɓa ma ya dace da wannan aiki. Samaru tana tsakiyar ƙasar dawa da auduga, ruwanta yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, don haka abin da ya yi kyau a nan ana iya gwada shi arewa wajen Kano, a kuma gwada shi kudu.

Babban abin da wannan zamani na farko ya bar mana shi ne garmar shanu. A 1928 aka fara koya wa manoma huɗa da bijimai, a shekarar da aka buɗe gonar dabbobi ta Shika. Tsarin mai sauƙi ne. En'e za ta ba manomi bashin bijimai biyu da garma, a koya masa ɗaura karkiya da riƙe garma, ya biya a hankali bayan kaka. Bijiman su ci harawa da kara, su ba da taki, idan sun tsufa a yi musu kiwo a sayar da riba. Mutumin da a da fartanya ke tsayar da shi a 'yar gonarsa sai ya wayi gari yana iya ninka ta. Manoma kaɗan aka fara da su, kuma an sha wahala kafin abin ya karɓu. Yau duk wanda ya ga yaro yana jan bijimai a gaba, ubansa na riƙe da garma a baya, zai rantse tun kaka da kakanni haka muke noma.

A ɓangaren auduga, daga irin Allen da aka kawo daga Amurka masu bincike suka riƙa zaɓen tsirrai har suka fitar da Samaru 26C, daga baya 26J. Su ne suka cika fuloti a Funtuwa da Gusau da Malumfashi, audugar Samaru ce kuma masaƙar Kaduna ta samu a ƙasa lokacin da aka buɗe ta a 1957.

Akwai wani fili a Samaru da ya kamata kowane ɗalibin aikin gona ya je ya tsaya a bakinsa. A 1950 aka yanka shi gida-gida har 81. Wani gidan a zuba masa kashin shanu, wani takin zamani iri ɗaya, wani a haɗa, wani kuma a bar shi haka nan ba a sa masa komai, sannan a riƙa nomawa ana auna amfanin ana rubutawa. Waɗanda suka kafa turakun farko sun san ba za su ga ƙarshen gwajin ba. Bayan shekaru masu yawa ƙasar da kanta ta ba da amsa: inda aka dage da takin zamani mai sa ganye shi kaɗai, ƙasa ta yi tsami ta gaji, inda kuwa aka haɗa shi da kashin shanu ta riƙe ƙarfinta. Yana cikin tsofaffin gwaje-gwaje irinsa a duk Afirka ta Yamma, kuma babu kuɗin da zai sayi abin da aka tara a littattafansa, domin da shekaru aka same shi.

Sai 1962. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, ya kafa jami'a a Zariya, gwamnatinsa kuma ta ɗauki sashen bincike na ma'aikatar gona kacokan, da filayensa da ma'aikatansa da ɗakin karatunsa, ta damƙa wa sabuwar jami'ar. A ganina babu wata shawara da aka yanke kan aikin gona a Arewa da ta kai wannan hangen nesa. Mai bincike ya fita daga ƙarƙashin takardun ofis, ya zama malami mai ɗalibai. Ɗalibi kuma ya tashi daga aji ya tarar da gonar gwaji a tsallaken titi. H. S. Darling ne ya shugabanci cibiyar a farkon wannan sabon zamani, malamai daga Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka suka zo suka taimaka wajen gina tsangayar aikin gona. A 1963 aka buɗe sashen da zai riƙa kai sakamakon bincike ga malaman gona, yana buga ƙasidu da Hausa, yana shirya darussa a rediyo. Shi ne ya girma ya zama NAERLS ta yau.

Shekarun da suka biyo baya, daga 1962 zuwa tsakiyar shekarun 1970, su ne tsofaffin ma'aikata ke tunawa da ƙauna. Nijeriya tana cikin na gaba-gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kuɗin gyaɗa da auduga kuma, ta hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, su ke gina makarantu da hanyoyi. Masana daga ƙasashe da dama suna zuwa Samaru su zauna shekaru. A lokacin ne gajeriyar kaura ta fito, wadda aka sani da SK 5912, dawar da ba ta yin tsawon da iska za ta kayar da ita. A lokacin ne kuma 'yan Arewa na farko suka shiga sahun masu bincike, irin su Ango Abdullahi, wanda ya shugabanci cibiyar kafin ya zama shugaban jami'ar a 1979.

Amma aikin da ya fi ɗaga sunan Samaru a duniya a ƙauye aka yi shi. Tun zamanin Turawa malaman gona ke faɗa wa manomi ya daina cakuɗa shuka, ya yi gero shi kaɗai, dawa ita kaɗai, a layi. Manomi ya ce to, malami na juya baya ya koma gicci, gero da dawa da wake a gona guda. Ana ta kiran wannan taurin kai da jahilci. Daga tsakiyar shekarun 1960 wani matashin masanin tattalin arziki, David Norman, da ma'aikatansa suka tare a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau. Suna bin magidanta gida-gida a duk tsawon shekara, suna rubuta wa ya je gona, awa nawa ya yi, me aka girbe, me aka sayar. Da aka tattara lissafin sai ga shi manomi ne da gaskiya. Abin da ya fi ƙaranci a gidansa hannun noma ne a watannin Yuni da Yuli, kuma gonar da aka cakuɗa ta fi biyan wahalar waɗannan watanni. Gero ya nuna da wuri ya kashe yunwar tsakiyar damina, dawa ta biyo baya, wake ya rufe ƙasa ya ba da harawa, idan ruwa ya ɗauke ɗaya ya lalace ɗaya zai tsira. Cibiyar bincike ta fito fili ta ce wanda take koyarwa ya fi ta sanin gonarsa, ta kuma gyara aikinta a kan haka. Wannan hanya ta duban gona da gida da kasuwa a matsayin abu ɗaya ta bazu daga Zariya zuwa cibiyoyin bincike na ƙasashe masu yawa.

Daga nan jarrabawa ta zo. Farin 1973 ya ƙone amfani, sannan a 1975 cutar da ake kira kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta halaka kimanin hekta dubu 700. Akwai masu tambayar ina Samaru take har dala ta ɓace. Tana nan, kuma ta san cutar. Irin da ke jure mata a lokacin mai daɗewa ne a gona, damina kuwa ta gajarce, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga gyaɗa. Sai da aka yi shekaru ana aure tsakanin iri da iri, tare da cibiyar ICRISAT, kafin a samu gyaɗar da ta haɗa juriya da saurin nuna. SAMNUT 24 da aka fitar a 2011 tana cikinsu, kuma ita ta sa manoma da yawa a Kano da Jigawa da Katsina suka koma wa gyaɗa.

Shekarun 1980 da 1990 na ƙunci ne ga kowace ma'aikata a ƙasar nan. An rushe hukumomin ciniki a 1986, darajar Naira ta faɗi, an sake raba ayyuka tsakanin cibiyoyi, gero da alkama suka koma Maiduguri, Shika kuma ta riga ta zama cibiya mai cin gashin kanta tun 1976. Samaru ta riƙe dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga, da tashoshinta na Kano da Kadawa da Talata Mafara. Abin yabo shi ne ma'aikatan da suka zauna ba su bar tsatson iri ya mutu ba, suna shuka shi suna adanawa kowace shekara ko da kuɗin aiki bai zo ba. A wannan tsakanin ne ma masara, wadda da a bayan gida ake shuka ta don gasawa, ta mamaye gonaki tun daga shirin raya aikin gona na Funtuwa na 1975, Samaru kuma ta bi ta da iri masu jure fari da ƙuduji.

A Disambar 2019 aka amince da SAMPEA 20-T, waken da Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna aiki a kansa. Tsutsar da ke huda furen wake da kwanso takan sa manomi ya yi feshi sau shida zuwa takwas a damina guda, da kuɗinsa da lafiyarsa. Da wannan iri feshi biyu kan wadatar. A Janairun 2024 masarar TELA ta biyo baya. Jama'a na da tambayoyi game da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kamar waɗannan biyun, kuma haƙƙinsu ne su yi. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne masu amsa tambayoyin 'ya'yanmu ne, a ƙasarmu suka yi gwajin, tuwon da muke ci suke ci.

Manufofin gwamnati kan abinci sun yi ta sauyawa. An yi shirin ciyar da ƙasa na 1976, an yi juyin noma na 1980, an rufe iyakoki a 2019, an buɗe, a 2024 kuma aka ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Kowanne da dalilinsa. Amma fitar da sabon iri guda yakan ci shekara takwas zuwa goma, wato ya fi wa'adin gwamnati biyu ko ya yi daidai da shi, kuma ko an fitar da shi sai an ninka ɗan abin da ke hannun mai tacewa ya zama irin tushe, kamfanoni su sake ninkawa, kafin ya isa kasuwar ƙauye. Idan kuɗi ya yanke shekara ɗaya a tsakiya, aikin shekara biyar na iya zubewa. Rufe iyaka ba zai cika rumbu ba matuƙar abin da hekta ke bayarwa bai ƙaru ba, wannan kuwa aikin iri ne da ƙasa da malamin gona.

A 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Maputo cewa za su ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi ga aikin gona, Nijeriya na cikin masu alkawarin, kuma har yau ba ta kusa cika shi ba. Gwamnonin jihohi bakwai na Arewa maso Yamma, waɗanda manomansu ne suka fi cin moriyar Samaru, su haɗa hannu su kafa mata asusu mai ɗorewa wanda sauyin gwamnati ba zai taɓa shi ba, su ɗauki nauyin ninka irin tushe, su kuma ɗauki sabbin malaman gona da za su kai shi ƙauye. Attajiranmu masu masana'antar mai da abincin kaji da masaƙa, ku ma da ku ake.