Taƙaddamar mallakar bindiga a Amurka

Batun mallakar bindiga yana daga cikin batutuwan da suka fi raba kawunan Amurkawa, kuma tushen taƙaddamar yana cikin kundin tsarin mulkin ƙasar.

Gyara na biyu da aka yi wa kundin a shekarar 1791 ya tanadi 'yancin jama'a na riƙe makamai. A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa wannan 'yanci na kowane mutum ne, domin kare kansa a gidansa.

Masu neman a tsaurara doka na kafa hujja da kashe-kashe irin na makarantar Sandy Hook, inda aka hallaka yara 20 da manya shida a 2012. Ita kuwa ƙungiyar NRA na cewa tsauraran dokoki masu bin doka kawai suke takurawa, ba miyagu ba.

Dokar Brady ta 1993 ta wajabta binciken mai saye kafin dillali mai lasisi ya sayar masa da bindiga.

Sai dai fasahar zamani ta buɗe wata kafa. Ana iya sayen sassan bindiga ta intanet a harhaɗa a gida, ba tare da lambar da 'yan sanda za su bi sawu da ita ba.

A 2022 gwamnatin Shugaba Biden ta wajabta sanya lamba a kan irin waɗannan sassa da kuma binciken masu sayensu, matakin da Kotun Ƙoli ta amince da shi a 2025.