Kula da bindigar paintball

Bindigar paintball na'ura ce da ke amfani da matsin iska wajen harba ƙwayoyin fenti masu ɓawon jelatin, waɗanda ke fashewa idan sun sami mutum. Masu wasan sun fi kiranta "marker", wato mai sa alama, domin ɗaya daga cikin irinta na farko, Nel-Spot 007, an ƙera ta ne don yi wa itatuwa da shanu alama. Da ita aka buga wasan farko a jihar New Hampshire ta Amurka a shekarar 1981. Yawancin matsalolinta daga abubuwa uku suke fitowa: yoyon iska, datti, da raunin batir.

Tsaftacewa

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, ana cire tukunyar iska, a kwashe ƙwayoyin, sannan a ja kunama a inda ba kowa domin fitar da iskar da ta rage a ciki. Bayan kowane wasa ana kwance bututun a wanke shi da ruwan ɗumi, saboda ɗan fentin da ya maƙale a ciki ya isa ya karkatar da harbi. Sassan da ke motsi ana shafa musu mai ko giris ɗin da kamfanin ya ambata. Man injin mota ba ya cikin wannan, domin yana lalata zobban roba.

Gano matsala

Zobban roba su ne ke toshe iska a mahaɗar sassa, kuma su ne suka fi saurin lalacewa. Idan aka ji iska na tsiyaya, ana shafa ruwan sabulu a wurin, kamar yadda mai faci ke yi wa taya; inda kumfa ta taso, nan ne yoyon. Zoben da ke bakin tukunya shi ake fara dubawa.

Fashewar ƙwaya a cikin bindiga kan faru idan fentin ya tsufa, ko kuma bindigar ta harba tun ƙwayar ba ta gama zama ba. A bindigogi masu lantarki akwai "ido" mai hana hakan, amma ba ya gani idan fenti ya rufe shi. Sau da yawa mutum kan kwance bindiga gaba ɗaya, alhali batir mai bolt 9 ne kawai ya yi sanyi.

Tukunyar iska

Nan ne haɗarin yake. Ana cika tukunyar matsattsiyar iska zuwa psi 3,000 ko 4,500, kuma ba a sa mai a bakin da ake cika ta, domin mai na iya kama wuta a irin wannan matsi. Ana yi mata gwajin matsi duk shekara 3 ko 5, gwargwadon irinta, kuma akasarin masu zaren kabon ana daina amfani da su bayan shekara 15.

Sauya sassa

Sauyin da ya fi amfani shi ne barin iskar CO2 zuwa matsattsiyar iska, saboda matsin CO2 yana raguwa a lokacin sanyi, gudun harbi ya riƙa hawa da sauka. Bututun da faɗinsa ya dace da ƙwaya mai girman inci 0.68 yana rage asarar iska, amma dogon bututu ba ya ƙara nisa yadda ake zato. Bayan kowane gyara ana auna gudun ƙwaya da na'ura, domin filayen wasa ba sa yarda ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa, kimanin mita 91.