Cutar Mantuwa a Tsufa

Cutar mantuwa lalacewar ƙwaƙwalwa ce da ke sa dattijo ya manta abin da ya ci ɗazu, har ya ɓace a unguwarsu. Tsufa kaɗai ba ya kawo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ita suna fama ne da cutar Alzheimer, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ma kan jawo cutar mantuwa.

Likita kan fara da sauraron iyali, sai gwajin tunani da hoton ƙwaƙwalwa. Bai kamata a tsallake gwajin jini ba, domin ƙarancin bitamin B12 na kawo irin wannan ruɗewa, kuma yana da magani.